Littafin Marayun Giwa: Inda Aiki Ya Kwana

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Yau muka yi zaman farko a kan ɗan littafin da muke son fitarwa da Hausa game da marayun giwa, don yaran firamare na nan Katsina. Ba mu da yawa. Akwai malamin kimiyya na wata sakandare da ke wajen Ƙofar Ƙaura, wanda shi ne ya kawo shawarar, da ɗalibansa na ƙungiyar kula da muhalli, sai ni da aka jawo saboda na yi aikin malamin dabbobi har na ajiye, kuma marayun maruƙa da 'yan tumaki sun sha bi ta hannuna. Ni zan tattaro bayani in rubuta, Malam ya duba, yaran su yi zane, su kuma nuna mana duk inda magana za ta yi wa ƙannensu tsauri.

Abin da ya tayar da maganar, Malam ne ya tambayi ajinsa ko akwai giwa a Najeriya yau. Yaran da suka haddace Suratul Fili tun suna makarantar allo, suka san tatsuniyar Gizo da giwa da dorina, kullum suna ratsawa ta Filin Kangiwa, yawancinsu suka ce babu, sai Kenya ko Indiya. Ba laifinsu ba ne. A watan Agustan 2024, da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin shekara goma na ceton giwaye, lissafin da aka bayar shi ne tsakanin 300 zuwa 400 suka rage a duk faɗin ƙasar nan, alhali shekara talatin da suka wuce ana maganar 1,200 zuwa 1,500. Abin da ya ragu haka, yaro a ina zai gan shi?

Mun zaɓi mu shiga ta ƙofar maraya ne don yaro da ɗan'uwansa ƙarami ya fi saurin haɗa zuciya. Amma na gaya wa Malam tun yau, ba na son littafin ya tsaya a kan kwalbar madara. Za mu fara da ita, mu wuce.

Asabar, 18 ga Janairu

Babin nono na fara rubutawa, don shi ne fannina.

Giwa tana goyon ciki wata 22. Ɗan da za ta haifa yakan kai kilo 100, wani ma ya haura. Yaran suka ce a zana shi kusa da buhun masara cike, tunda kowane yaro ya san nauyin wannan. Kafin awa ɗaya ko biyu ya miƙe da ƙafafunsa. Da baki yake tsotso, nonon uwar kuwa yana tsakanin ƙafafunta na gaba. Hannun nan da babbar giwa ke karya itace da shi, a wurin jariri wata da watanni reto kawai yake yi, har taka shi yake yi idan yana gudu, ruwa ma sai ya durƙusa ya kafa baki. In uwarsa ta mutu bai cika shekara biyu ba, da wuya ya rayu ko da yana tsakiyar garke, domin mai shayarwa da ƙyar take ƙosar da nata, balle biyu.

A wurinmu maraya ba ya wahalarwa haka. Ɗan tunkiya, a ba shi nonon akuya. Maraƙi, a liƙa shi ga wata saniya ko a ɗura masa da kwalba. Da wannan sanin ne mutane da dama suka tsinci ɗan giwa, suka ba shi nonon shanu da kyakkyawar niyya, suka rasa shi. Kitsen nonon saniya cikinsa ba ya iya narkar da shi. Sai zawo ya ɓalle, ido ya faɗa, kumatu su zurma, cikin 'yan kwanaki shi ke nan. Duk wanda ya taɓa kwana a kan maraƙi mai zawo ya san saurin da ruwan jiki ke ƙarewa. Kuma giwar daji ba mai zuwa ya tatse ta ya kawo.

Wadda ta warware wannan ƙulli ita ce Daphne Sheldrick ta ƙasar Kenya. Mijinta, David Sheldrick, shi ne shugaban farko na gandun dajin Tsavo ta Gabas tun 1948, kuma gidansu ake kai duk marayan da aka tsinta. Waɗanda suka ɗan tasa suna rayuwa, jarirai kuwa mutuwa suke yi ɗaya bayan ɗaya. Ta shafe kusan shekara 28 tana sauya haɗi, ta gwada wannan mai ta gwada wancan, kafin ta gano cewa madarar gwangwani ta jarirai da aka haɗa da man kwakwa ita ce cikinsu ke karɓa, saboda irin kitsen da ke cikin kwakwa ya yi kusa da na nonon giwa. Ni da na san zafin rasa dabbar da ka yi wa hidima, wannan shekara 28 ɗin ita ta fi tsaya mini a rai. Bayan rasuwar mijin a 1977 ta kafa gidauniya da sunansa, ta buɗe gidan reno a gandun dajin Nairobi. Ta rasu a 2018, gidauniyar kuma zuwa yanzu ta raini marayu sama da 300.

Abin da ya fi burge yaran kuwa labarin Reteti ne, wani gidan reno da al'ummar Samburu, makiyaya, suka buɗe da kansu a arewacin Kenya a 2016. Da yawa daga marayun da ake kai musu rijiya suka faɗa, irin wadda makiyaya ke tonawa a busasshen rafi. A 2020, lokacin kullen korona, madarar gwangwani ta yi wuyar samu, sai suka gwada nonon awaki daga hannun matan ƙauyukan, aka dace. Yanzu matan na sayarwa suna samun kuɗin kansu. Nan take wani yaro ya ce, "Baba, ashe jar akuyar gidanmu za ta iya rainon giwa!" Na ce masa a rubuta da kyau: sai an dafa nonon, an ƙara masa wasu sinadarai, an auna, kuma ba akuya ɗaya ba, na garke guda ne.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Hazo ya rufe gari, sanyi ya sa kowa ya zo da rigar sanyi. Malam ya aro majigi, muka tayar da janareto, muka haska musu hotunan gidan renon Nairobi a bangon aji.

Tambayar farko: me ya sa aka lulluɓa musu bargo? A daji jariri yana tsakanin ƙafafun manya ne dare da rana. Su ne garkuwarsa daga iska, su ne inuwarsa. Da ya rasa su, sanyin asuba kan sauka masa a ƙirji, kuma ciwon huhu na cikin abubuwan da suka fi kashe su. Da rana kuma kunnuwansa, da suke da laushi, rana kan ƙona su har gefen ya bushe ya kakkarye, shi ya sa za ka ga mai reno na bin sa da lema, yana shafa masa mai a kunne. Wani jaririn ma ba zai karɓi kwalba ba sai an rataya bargo ya jingina hannunsa a jiki, ya ji kamar yana gefen uwa. Kowane awa uku ake ba su madara, dare da rana, mai reno kuma a ɗakin yake kwana, a kan gado da aka ɗaga sama. Sannan ga fitar haƙoran farko a watannin farko, da ke zuwa da zazzaɓi da zawo. Har kashin manya jariri yake ɗan ci, don ya sami ƙwayoyin da za su taimaka wa cikinsa narkar da ganye. Nan yaran suka yamutsa fuska, na ce musu ɗan doki da ɗan jaki ma haka suke yi, duk mai kiwo ya sani.

Daga nan na ba su labarin da na daɗe ina juya yadda zan rubuta shi. A 1974 aka kai wa Daphne wata jaririyar giwa da ta sa wa suna Aisha, ita ce ta farko da ta rayu wata da watanni a kan sabon haɗin. Ita kaɗai ke ba ta madara, ita kaɗai take bi. Da bikin 'yarta ya taso ta yi 'yar tafiya, ta bar ta a hannun wani. Jaririyar ta ƙi cin komai, ta ƙi shan madara, ta kwanta. Daphne ta dawo ta iske ta a ƙarshen ƙarfinta, ta mutu a hannunta. Madarar daidai take, ba abin da ya sauya a cikinta. Rashin wadda ta ɗauka uwa ne, karo na biyu. Tun daga nan aka kafa ƙa'ida cewa masu reno su riƙa juyawa, yau wannan gobe wancan, don maraya ya saba da mutane da yawa, kada tafiyar mutum ɗaya ta zama ajalinsa.

Ajin ya yi tsit. Wata yarinya a layin baya ta sa gefen hijabinta tana share ido. Daga baya Malam ya gaya mini ita ma a hannun kakarta take. Na yanke shawarar labarin zai shiga littafin yadda yake, ba ragi, amma shafin da ke bin sa zai nuna inda ake dosa: idan maraya ya kai shekara biyu zuwa uku sai a mai da shi gandun Tsavo, sansanin Voi ko na Ithumba, ya riƙa fita daji da rana yana cuɗanya da garken daji, da yamma ya dawo, har ranar da shi da kansa zai daina dawowa. Wani sai ya kusa shekara goma. Wasu matan kuma, bayan sun haihu a daji, sukan kawo jaririn har bakin shinge wurin mutanen da suka raine su.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Wani tsohon abokin aikina ya haɗa ni da wani dattijo, tsohon maharbi, mutumin yankin Safana, wanda rashin tsaro ya taso shi daga ƙauyensu ya dawo wurin ɗansa a cikin gari. Na same shi a zaure yana jin hantsi. Bayan gaisuwa na ce, "Baba, an ce ka san giwa a dajin Rugu. Da idonka ka gan su?"

Ya ce, "Malam, ai giwa ba ta ɓuya. Ko ba ka gan ta ba, ka ga aikinta." Ya shiga lissafa mini: marke da aka karya daga sama, ɓawon kuka da aka yage, kashi mai tururi da sassafe, da ramukan da suke tonawa a yashin rafi da rani har ruwa ya tsattsafo, su sha su wuce, namun daji da shanun Fulani su zo su sha saura. Ya ce arewa suke yi, su tsallaka ƙasar Nijar, su juyo. Wannan ya zo daidai da abin da ke rubuce, cewa a shekarun 1980 wani garke daga ɓangaren nan namu ya riƙa shiga dajin Baban Rafi da ke kudu da Maraɗi. Yau babu su can, babu su nan.

Abin da ya fi kama ni, da ya ce, "Tsohuwar ce ke gaba. In ta tsaya, kowa ya tsaya. Wani lokaci kana laɓe, ba ka ji komai ba, sai ka ga duk sun daina ci a lokaci guda, sun buɗe kunne, sun juya sun bi hanya ɗaya." Ya ce maharba sun san in aka kayar da tsohuwar, sauran sai su ruɗe, su yi ta zagaye gawarta. Ya yi shiru a nan, ni ma ban ƙara tambaya ba.

Duk abin da dattijon nan ya gani daga bayan itace, masana sun tabbatar da shi da na'ura. A 1984 Katy Payne ta gano cewa giwaye na yin wani gurnani mai zurfin da kunnen mutum ba ya kamawa, wanda ke tafiya kilomita da dama. Shi ne kiran da ya ga suna amsawa bai ji ba. A gandun dajin Amboseli na Kenya, inda Cynthia Moss ta fara bin iyalan giwaye ɗaya bayan ɗaya tun 1972, binciken Karen McComb na 2001 ya nuna garken da ke da tsohuwar uwa ya fi iya bambance muryar na gida da ta baƙo. Wani binciken nata na 2014 ya nuna suna rarrabe muryar namijin Masai, mai riƙe mashi, da ta mutumin Kamba, manomi, har da ta mace da ta yaro. A gandun dajin Tarangire na Tanzaniya kuwa, a farin 1993, garkunan da shugabanninsu suka yi tsufan da suka ga farin 1958 zuwa 1961 sun fice daga gandun suka nemo ruwa da abinci, 'ya'yansu kaɗan suka mutu. Garken da uwarsa ba ta kai wannan shekaru ba ya zauna, ya yi asara mai yawa.

Mai farautar haure kuwa babba yake nema, don ita ce mai dogon haure a garken. Harsashi ɗaya, ya ɗauke wadda ta san hanyar ruwa. Wannan babin zan sa masa ƙarfi fiye da na madara. Kwalba mutum na iya bayarwa, amma hanyar da aka bi shekara talatin da suka wuce, ba mai renon da zai koya wa maraya ita.

Asabar, 8 ga Maris

Azumi ya kama, zaman ya koma na safe, gajere. Zane uku aka gama.

Mun ɗan yi ja-in-ja da Malam a kan labarin gandun dajin Pilanesberg na Afirka ta Kudu. Can an kai marayun da aka kashe iyayensu a gandun Kruger da sunan rage yawa, aka sake su ba tsohon toro ko ɗaya. Suka ci suka ƙoshi, suka girma. Da mazan suka tasa sai yanayin nan na zafin kai da ke zo wa toro ya riske su shekaru kafin lokaci, ba mai tsawata musu, tsakanin 1992 da 1997 suka kashe karkanda sama da 40. A 1998 aka kawo manyan toraye shida daga Kruger aka saka a cikinsu. Kisan ya tsaya. Malam na ganin ya yi wa 'yan aji huɗu nauyi. Ni kuwa ina ganin babu yaron Katsina da bai san abin da rashin babba a gida ke jawowa ba. Mun tsaya a kan shafi ɗaya, ba zanen jini, kawai matasa da toro a tsaye a tsakiyarsu.

Asabar, 22 ga Maris

Yau wata ɗaliba ta kawo abin da ya sauya tsarin littafin. Ta ce, "Baba, na karanta wa babana. Ya ce in tambaye ka, idan giwar ta cinye gonar mutum, wa zai biya shi?"

Tambaya ce ta gaskiya, kuma littafin da ya kauce mata manomi ba zai bari ɗansa ya yarda da shi ba. Babbar giwa na cin kilo 150 a rana. Garke ya shiga gonar dawa da dare, kafin asuba noman shekara ya tafi, abin da ba su ci ba sun tattake. Mutumin da ya wayi gari ya ga haka, ba wa'azin da zai shiga kunnensa. Marayu da yawa ma ta nan suke samuwa, ba ta hannun 'yan haure ba. A 2018 da wasu giwaye suka shigo yankin Bagudo da Koko a jihar Kebbi, gonaki suka fara taɓawa, haka ma waɗanda ke tsallakowa Borno daga Kamaru.

Mun ƙara babi guda. Dabarar da muka fi ba wa fili ita ce shingen amya, wanda wata mai bincike, Lucy King, ta gwada da manoman Kenya. Giwa duk kaurin fatarta tana tsoron ƙudan zuma, don yana harbinta a cikin hanci da gefen ido da bayan kunne, ƙarar sa kawai kan sa garke ya juya. Sai a rataya amya a kan sanduna kewaye da gona, kowace taku goma sha wani abu, a haɗa su da waya. Giwa na taɓa wayar, amyoyin su girgiza, zuma ta tashi. A gwajin da aka yi, kusan takwas cikin goma na giwayen da suka doso sun koma. Ga kuma zuma ta sayarwa. Na sa an rubuta rauninsa ma: in fari ya yi tsanani ƙudan kan gudu ya bar amya, shingen ya zama fanko. Akwai kuma igiyar da ake shafa wa barkono da baƙin mai, da masu gadi da ke sanar da gari da wuri.

Yaran suka haɗa samfuri a kan tebur da kwalin ashana da zare da tsinken tsintsiya, aka yi giwar laka. Mai tambayar ita ta ja giwar ta taɓa zaren, akwatunan suka yi rawa. Ta ce za ta kai wa babanta ya gani. Amsar biyan diyya kuwa, mun rubuta ta kai tsaye: haƙƙi ne a kan hukuma, kuma inda aka bar manomi shi kaɗai da asararsa, giwa ce ke biya da ranta.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Jiya da dare muka dawo daga Yankari, ni da Malam. Ba mu ɗauki yara ba, tafiyar da nisa: Kano, Birnin Kudu, Ningi, Bauchi, sannan a bi hanyar Gombe a karkata a Dindima zuwa ƙofar Mainamaji, daga nan kuma tafiyar kilomita arba'in da 'yan kai cikin daji kafin masaukin Wikki. Faɗin gandun murabba'in kilomita 2,244 ne. A 1956 aka keɓe shi, aka buɗe wa baƙi a 1962, ya zama na tarayya a 1991, ya dawo hannun jihar Bauchi a 2006. Giwayen da ke ciki kusan ɗari ne, kuma su ne garke mafi girma da ya rage mana.

Mun fita da sassafe da kuma la'asar, muka bi gefen kogin Gaji inda namun daji ke taruwa da rani. Mun ga ɓauna, gwanki, gwambaza, mugun dawa da 'ya'yansa, bika kuwa har bakin ɗaki. Giwa ba ta fito ba. Amma a wani gangare mai laka jagoranmu ya tsayar da mota, ya nuna mana inda suka sauka ruwa. Na durƙusa. Sawun gaba zagayayye ne, na baya ya ɗan yi tsawo, kuma a cikin lakar kana ganin zanen tsagar tafin ƙafar ɗaya bayan ɗaya. Malam ya zagaya babban da igiya ya ƙulla alama, don in ka ninka kewayen sawun gaba sau biyu ka sami kusan tsayin giwar a kafaɗa. Za mu rataya igiyar a bangon aji. A tsakanin manyan sawayen kuma ga wani ƙarami, tafin hannuna biyu sun rufe shi, yana tafe daf da na wata babba, inda ta karkata ya karkata. Ana haihuwa ke nan. Na daɗe ban ji daɗi irin na wannan lokacin ba.

Na sa kara na fasa curin kashi guda. A ciki akwai zaren ganye da ɓawo da ba su gama narkewa ba, da ƙwallayen 'ya'yan itace lafiya lau, buzuzu na ta aiki a ƙasa. Kusan rabin abin da giwa ta ci haka yake fita, shi ya sa take shuka daji duk inda ta bi, da takinsa a haɗe. Giginya da aduwa na cikin masu cin wannan moriya.

Ƙungiyar kare namun daji ta WCS, da ke aiki da gwamnatin Bauchi wajen tsaron gandun, ta sanar cewa bayan Mayun 2015 an yi shekaru ba a tsinci gawar giwar da mafarauta suka kashe ba. Sintiri ne na ƙafa, na kwana da kwanaki a daji, da abin wuya mai aiko da saƙo ta tauraron ɗan'adam da aka sa wa wasu giwayen, da mutanen ƙauyukan gefe da aka ɗauka su riƙa ba da labari idan garke ya doshi gona. Akwai ma'aikatan da suka rasa rayukansu a wannan aiki. A hanyar dawowa na ce wa Malam, hoton bangon littafin kada ya zama mai kwalba. Ɗan giwa ne a ƙarƙashin cikin uwarsa, can gefe ma'aikacin daji da takalminsa na sintiri. Ya amince.

Asabar, 10 ga Mayu

Babin haure ya kammala, gajere. An hana cinikinsa tsakanin ƙasashe a 1989, ƙasar Sin ta rufe kasuwarta ta cikin gida a ƙarshen 2017, a Janairun 2024 kuma aka niƙe tan biyu da rabi na hauren da aka kama a Abuja, yawancinsa daga wasu ƙasashe aka biyo da shi ta tashoshinmu. Na rufe babin da gandun dajin Zakuma na Chadi, maƙwabciyarmu. Giwaye sama da 4,000 ne a 2002, mahara a kan dawakai suka mai da su kusan 450 a 2010, sauran kuma don firgici suka daina haihuwa. Da aka gyara tsaro, suka natsu, bayan 'yan shekaru aka fara ganin jarirai.

Ranar Laraba mun gwada karatun a wani aji huɗu na firamare. Ɗalibanmu suka karanta, mu muna baya muna kallon fuskoki. Babin madara da na Aisha sun riƙe su. Na tsohuwar uwa ya yi tsawo, sunayen masana sun yi musu yawa, don haka za mu mai da su shafin ƙarshe na malamai, mu bar maganar dattijon Safana ta ja babin. Lissafin murabba'in kilomita ma bai shige su ba, sai mun nemi wata hanyar nuna girman Yankari. Igiyar kuwa, sai da kowa ya zo ya tsaya a gindinta.

Saura zane huɗu, da taswirar da za ta nuna Yankari, sai kuma Omo, Okomu da Kuros Riba, inda giwayen kurmi suke. Maɗaba'a biyu sun ba mu farashi, takarda ta yi tsada, mai yiwuwa bango kaɗai zai zama mai launi. Muna son ya fito kafin 12 ga Agusta, Ranar Giwa ta Duniya, in Allah ya yarda. Ranar Talata zan koma wurin dattijon in karanta masa shafinsa, ya gyara abin da ya ga dama, in kuma nemi izininsa kafin mu kai wa masu bugawa.